Ƙidayar da Ba Ni Ciki

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake Allah Ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta, da safiyar da na tsaya gaban dattawan Sakkwato, alli a hannu, na tabbatar musu da lissafi cewa ba a haife ni ba. Kada ka yi dariya tukuna, mai karatu, bari in fara huce haushina. Furfura ta cika mini gemu yanzu, amma har gobe in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, in ja tsaki ni kaɗai har iyalina su tambaya ko lafiya.

A lokacin ba a daɗe da zuwan Nasara ba. Tsofaffi suna ba da labarin ranar da suka shigo gari kamar jiya aka yi. Ni ina ƙaramin malami a makarantar boko, wadda duk ɗakunanta na laka ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Aikina koya wa 'yan ƙaramin aji ƙirga da tsakuwa, kuma wallahi aikin ya ishe ni. Ni da nake iya raba dogon lissafi da ka kafin wani ya fiƙe fensir, a ce kullum sai ɗaya da ɗaya biyu? Kaina ya riga ya kumbura, ina ganin duk garin babu mai ƙwaƙwalwata.

Baturen makarantar, wanda muke kira Mai Lofe don lofen taba ba ya barin bakinsa, shi ya ƙara hura mini kai. Ya ga ina son lissafi, sai ya riƙa koya mini wani fanni da ya ce sunansa ƙididdiga: ka tambayi mutane da yawa tambaya ɗaya, ka jera amsoshinsu a jadawali, ka tara ka raba, sai ka ga abin da idon mutum ɗaya ba ya gani. Dokar aikin kuwa ɗaya ce, ya maimaita mini ita har ta zauna: “Rubuta abin da aka faɗa maka. Kada ka ƙara, kada ka rage.” Na riƙe wannan doka fiye da yadda na riƙe karatun da aka yi mini da bulala.

Ana nan sai ya tara mu ya ce an ba shi gurbin mutum ɗaya a babbar makarantar horon malamai da ke gabas. Wanda ya je ya dawo, shi zai zama malamin lissafi na manyan ajujuwa. Mu biyu ne a layi, ni da Malam Haliru, wani sa'ana mai sanyin jiki wanda in ka ba shi rabawa sai ya yi gumi kamar mai sassabe. Kowa zai yi wani aiki da zai nuna amfanin boko, a gabatar da shi gaban dattawan gari ranar taron makaranta, daga nan Mai Lofe ya zaɓa. Malam Haliru ya ce shi zai auna gonar makaranta da igiya. Na yi dariya har da riƙe ciki (ka riƙe wannan dariyar, za ka ga inda ta kai ni). Ni na ce zan yi ƙididdigar haihuwa a unguwar Ƙofar Marke, gida gida.

Kafin in ci gaba, sai ka san wani abu game da ni, in ba haka ba ba za ka gane girman wautata ba. Ni ɗan fari ne. Mahaifina dillalin shanu ne, kuma a Ƙofar Marken nan gidansa yake. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Goggo, a Ƙofar Rini, can na tashi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In na je gaishe shi, bango yake kallo ya amsa. In zai yi maganata sai ya ce “wancan”, ko “yaron Yaya”. Kowa a garinmu ya san wannan kunyar ɗan fari ce, haka aka tarar, ba a ambatonsa, ba a nuna shi. Ni ma na sani. Amma sani daban, abin da zuciya ke ji daban. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yara a kai makarantar Nasara, ni ya bayar, kuma na girma ina ganin ya bayar da ni ne don ni ne wanda ba zai ji zafin rashinsa ba. Wannan haushin na ɗauka na tafi da shi aiki, ban san yana cikin aljihuna ba.

Na ja layuka a takarda da rula, na yi gurbi uku: yaushe maigida ya yi auren fari, 'ya'ya nawa ya haifa, shekarun babba a cikinsu nawa. Aka haɗa ni da mai unguwa, wani tsoho mai dogarawa da sanda, don ya shigar da ni zauruka ya kuma rantse wa mutane cewa ba maganar haraji ba ce. Na sa farar rigata ta Juma'a, na maƙala fensir a kunne don kowa ya gani.

Mutanenmu ba sa ƙirga shekaru da lamba. Sai dai a ce maka, “Na yi aure shekarar da gulbi yac cika har yac ci gonaki,” ko “bayan ciwon shanu da damina biyu.” Ni kuma in zauna in mayar da su lamba, ina jin daɗin kaina. A nan ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai. Duk wahalar da ke cikin aikin na yi ta daidai.

A zaure na uku ko na huɗu, wani mahauci mai ƙaton wuya ya ce mini 'ya'yansa biyar. Ina rubutawa, mai unguwa ya yi gyaran murya. Da muka fito ya taɓa mini hannun riga.

“Malam, in ka yi min izini, akwai wata 'yar magana game da ƙidayar ga.”

“Shi ya haife su ko kai?” na ce.

“Shi na, amma ai ka san...”

“To abin da ya faɗa na rubuta. Dokar aikin ke nan, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Kai dai naka sallama.”

Tsohon ya dube ni, ya dubi fensirin da ke kunnena, ya ce, “Allah Shi ba da sa'a, Malam.” Daga nan bai ƙara tofa komai ba har muka gama unguwar. Na daɗe ina jin haushinsa, ina cewa ya ga ina tafiya zuwa rami ya yi shiru. Amma in za a faɗi gaskiya, ni na toshe masa baki da hannuna, tsoho sa'an kakana, a tsakiyar titi.

Rana ta uku muka iso zauren Baba. Yana zaune da abokan sana'arsa su uku, suna cin goro. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa bango kamar kullum. Sai na miƙe, na gyara riga, na buɗe takarda, na koma ma'aikaci. Na tambayi shekarar aure, ya faɗa. Sannan na ce, da wata murya da na aro wajen Mai Lofe, “'Ya'ya nawa maigida ya haifa?”

Ɗaya daga cikin abokansa ya daina tauna goro. Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da gefen tabarma, can ya ce, “Ukku na.”

Mu huɗu ne. Ni, da Sani, da Salisu, da ƙanwarmu.

Na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, to, madalla, yau ka faɗa da bakinka gaban shaidu. Ba ka ƙirga ni ba, ni ma ba zan roƙe ka ba. Na danna fensir har ya kusa huda takarda na rubuta uku. “Babba a cikinsu?” Ya ce Sani, ya faɗi shekarunsa. Na rubuta. Na fito ina huci, ina kuma yaba wa kaina cewa ni mutum ne mai riƙon amanar ilmi, ko a gidan ubana ban karya doka ba. Ka ga sakarai? Na ɗauka ni kaɗai aka yi wa haka a duk Ƙofar Marke. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa abin da Baba ya yi shi kowane maigida ya yi mini tun zauren farko.

Da na gama na zauna a inuwar makaranta bayan an tashi yara, na tara na raba. Sai ga wani abin mamaki ya fito. Kusan kowane gida, tsakanin aure da haihuwar babban ɗa akwai shekara huɗu, wani biyar. Na sake lissafin sau uku, haka ya fito. Na duba da kyau, sai na ga wasu 'yan gidaje a bakin unguwa da ba su da wannan giɓin, su ana aure ana haihuwa. Gidajen wasu fatake ne baƙi da suka zo daga nesa suka zauna. Na koma na yi tambaya: me ya bambanta su da sauran? Sai na gano su ba sa ɗiban ruwa a babbar rijiyar unguwa, ta yi musu nisa, wata ƙarama suke sha a bayan ganuwa.

Shi ke nan! Na buga cinya na ce na kama ɓarawo. Rijiya ce. Ruwan babbar rijiya ke jinkirta wa mutanen Ƙofar Marke haihuwa. (Su baƙin nan kuwa bambancinsu ɗaya ne, a ƙasarsu ba a jin kunyar ɗan fari kamar mu, da na tambaye su sai suka ƙirga mini 'ya'yansu duka. Amma wa zai gaya wa mai fensir a kunne?)

Na kai wa Mai Lofe. Ya cire lofe daga baki, abin da ban taɓa gani ba, ya bi layukan da yatsa, ya ce wannan aiki ne na gaske, har zai yi wa likita magana a duba rijiyar. Ya dafa mini kafaɗa. A ranar na je wajen maɗinki na ce ya fara yi mini jakar tafiya. Na gaya wa Goggo ta fara shirya mini yaji da dakakkiyar kuka, ta ce, “Ka bari a hwaɗa tukuna.” Na ce an riga an faɗa, saura sanarwa.

Ranar taro aka share filin makaranta aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin itatuwa. Dattawa suka zo, masu unguwanni, malamai, da Sarkin Fawa da jama'arsa, tun da unguwarsu aka ƙirga. Ina cikin jera takarduna na ɗaga kai, sai na hango Baba can layin baya, cikin rigarsa ta Idi. Bai taɓa taka makarantar nan ba tun ranar da aka kawo ni. Maimakon in ji daɗi, sai na ce a raina, gara da ka zo, yau ka ga abin da ka yar.

Malam Haliru ya fara. Ya fito da igiyarsa ya yi bayanin tsawo da faɗi, wasu tsofaffi har sun fara gyangyaɗi. Da ya gama aka ce madalla, irin madallar da ake yi wa mai kawo ruwan wanke hannu.

Sai ni. Na tsaya gaban baƙin allo na zana jadawalina. Na yi bayanin tarawa da rabawa, na yi bayanin matsakaici, ina jefa kalmomin da na san rabin mutanen ba su taɓa ji ba, don dai a san an yi karatu. Sannan na juyo, na ɗaga murya, na ce lissafi ya tabbatar magidantan Ƙofar Marke ba sa samun haihuwa sai sun yi shekara huɗu ko biyar da aure, kuma ruwan babbar rijiyarsu ne sanadi, don haka ina ba da shawara a rufe ta har likita ya duba.

Na tsaya ina jiran kabbara. Babu wanda ya yi ko tari.

Sarkin Fawa ne ya fara motsi. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, da muryar da ake ji har bakin titi, “Mi yac ce? Mu na ba mu haihuwa?”

“Ba haka na ce ba, ranka ya daɗe, cewa na yi ana jinkiri, matsakaicin...”

“Yaro, ni kaka hwaɗa ma jinkiri? Rijiyar da kakana yas sha, ubana yas sha?”

Hayaniya ta fara tashi. Mai Lofe yana ta ɗaga hannu. Sai Malam Maccido ya yi gyaran murya, kowa ya yi shiru. Shi ne tsohon da ke koyar da Larabci da rabon gado a makarantar, mutum ne marar hayaniya, kuma na sha raina lissafinsa a bayan idonsa, ina cewa na zamanin da ne. Ya ce, cikin laushin murya, “Malam, aikin ga ya yi kyau ƙwarai. Ina da 'yar tambaya ɗaya, don ni tsoho na, ban gane da sauri. Ka shiga gidan mahaihinka?”

Na ce na shiga, ai ilmi ba ya zaɓen gida.

“Madalla. Karanta muna layinai.”

Wallahi har a lokacin ban ga ramin ba. Na buɗe takarda da ƙarfin gwiwa, na karanta shekarar aure, na karanta, “'Ya'ya uku. Babba, Sani.” Na ƙara da cewa wannan gida ma yana cikin masu giɓin shekara biyar, don ya nuna ban yi son kai ba.

Malam Maccido ya gyaɗa kai a hankali. “Ɗiya ukku, babba Sani. To, Malam, kai wanga da ka tsaye gabanmu da alli, daga wace rijiya anka ɗebo ka?”

Ban san wanda ya fara ba. Na dai ji dariya ta fashe daga ɓangaren mahauta ta bi tabarmi kamar wuta a ciyawa. Sarkin Fawa, wanda yanzun nan yake neman cinye ni, ya kwanta da baya yana buga ƙafa, rawaninsa ya warware. Wani tsoho ya shaƙe da goro sai da aka bubbuga masa baya. Wani yana cewa, “Ya ƙidaya gari, ya mance da kainai!” Mai unguwa, abokin yawona, bai yi dariya ba. Ya dai ɗora haɓa a kan sandarsa yana kallona, kuma da ya yi dariyar da ta fi mini sauƙi.

Ni kuwa a nan take komai ya buɗe mini gaba ɗaya. Mahaucin nan mai 'ya'ya biyar, ai babban ɗansa tare muka yi makarantar allo. Gidan da ke kusa da masallaci, ai 'yar farinsu ce aka aurar bara, na ci tuwon bikin. Duk na san su. Zaure bayan zaure an ɓoye mini ɗan fari don kunya, ni kuma na bi na share su da fensir, na ɗora wa rijiya laifi. Gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Allin da ke hannuna ya jiƙe ya narke. Na buɗe baki in ce wani abu, abin da ya fito shi ne, “Amma haka aka faɗa mini.” Wannan ya ƙara tayar da wata sabuwar dariyar.

Mai Lofe bai gane ba, Hausarsa ta littafi ce. Sai da Malam Maccido ya matsa kusa ya yi masa bayani. Na ga fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya dube ni ya ce, “Kai ba ɗan garin nan ba ne?” Haba! A nan ne haushi ya turnuƙe ni. Wa ya ce kada in ƙara kada in rage? Wa ya cire lofe ya dafa mini kafaɗa? Shi da ya bi layukan da yatsa bai ga komai ba, yanzu ni kaɗai ne jaki? Na so in faɗa masa duk wannan a gaban jama'a. Abin da ya hana ni, tambayar tasa daidai take. Shi baƙo ne, yana da uzuri. Ni a cikin abin aka haife ni.

Da na dubi layin baya, tabarmar Baba babu kowa.

Kafin la'asar aka sanar Malam Haliru ne zai tafi. Mai igiya! Ya zo yana ba ni haƙuri da zuciya ɗaya, har yana cewa shi bai so haka ba, kuma wannan kirkin nasa ya fi zagi ciwo. Jakar da na sa aka ɗinka, Goggo ta ce kada a yi asara, ta aika masa da ita tare da yajin.

Washegari da hantsi na nufi Ƙofar Marke a fusace. Na riga na yanke hukunci cewa duk laifin na mutum ɗaya ne. Da ya buɗe baki ya ce huɗu, da na farga tun a zauren, da yanzu ni ke shirin tafiya. Goggo ta ga yadda na fita, ta yafa mayafi ta biyo ni tana kira, ban waiwaya ba. Na tarar da Baba a wajen turken shanunsa yana ba wata saniya dusa. Ban ko durƙusa ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata.

“Baba, me na yi maka? Ka bayar da ni tun da aka yaye ni, na yi shiru. Ka bayar da ni ga Nasara, na yi shiru. Sau ɗaya tak na zo gabanka in ji ka ƙirga ni, ka ce uku. Ga shi ka jawo mini, gari duk yana yi mini dariya, gurbin da na ci wuya a kansa ya tafi. Mene ne wahala a cikin huɗu?”

Hawaye na zuba, ƙato da ni da gemu. Baba bai juyo ba. Ya ci gaba da juya dusa da hannu. Goggo ta iso tana haki ta tsaya tsakaninmu. Sai ya yi magana, ba da ni ba, da ita.

“Yaya, hwaɗa ma wancan, tun ran da anka haihe shi nika ɓoye shi ga bakin mutane. Shi kuma ya taho da takarda da mai unguwa, gaban abokaina, shina son in tona shi da bakina.” Ya share hannu a jikin saniyar. “Hwaɗa mai, da anka ce a ba da yaro makaranta, wanda nis san ba shi ɓacewa shi nib bayar. Kuma tunda shi mai lissahi na, tambaye shi: da nis sa ma ƙanenai Sani, na biyun wa shika nuhi?”

Ya ɗauki ƙwaryar dusa ya shige cikin gida. Goggo ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Ka ji, ko in maimaita ma?” Na ce na ji. Daga baya ta gaya mini rigar Idin nan tun kwana uku kafin taron ya sa aka wanke ta aka buga, yana tambayarta a fakaice ko yaronta zai daɗe yana magana, don ya san irin zaman da zai yi.

Na koma ƙaramin aji da tsakuwoyina, na yi shekaru a can kafin a sake waiwayata. Sunan Malam Rijiya kuwa ya bi ni har yau. Mahautan Ƙofar Marke ba su taɓa yafe mini ba: duk wanda aka yi wa haihuwar fari sai ya aiko mini da goro, a ce in ji wane, an samu ƙaruwa, a rubuta, don shi ba zai iya faɗa ba. Da ina mayar da goron cikin fushi. Yanzu ci nake yi, goro ne mai kyau.

Da na samu manyan ajujuwa a ƙarshe, ina koya wa ɗalibaina dokar Mai Lofe yadda ya koya mini, kada ka ƙara, kada ka rage. Sai in ƙara musu tawa, wadda na saya da tsada: in tsoho ya taɓa maka hannun riga a bakin zaure, cire fensirin daga kunne ka saurare shi. Takardar nan tana nan a akwatina, ban gyara layin gidanmu ba. Baba ya rasu bai kira sunana ko sau ɗaya ba. Shekaran jiya wani sabon ma'aikaci ya yi sallama a zaurena da takarda da rula, ya tambaye ni 'ya'yana nawa, babban ɗana kuwa yana zaune a gefe yana gyara mini tabarma. Na buɗe baki da niyyar in faɗi gaskiya, ni da na san illar abin fiye da kowa a Sakkwato. Sai na ji kaina ya sunkuya, na kama wasa da gefen tabarma, na rage ɗaya.